Furen Kirisantimam a Tukunya: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Ruwa da Taki a Gadarif

Gadarif garin dawa da riɗi ne. Tun cikin shekarun 1940 aka fara noman tarakta a filayen Gadambaliya, kuma har gobe kasuwar amfanin gona ta garin tana cikin manyan kasuwannin Sudan. Hausawan da kakanninsu suka yada zango a wannan yanki a kan hanyar Makka ba baƙin noma ba ne, na damina ne ko na lambu. Sai dai noman fili daban, rainon fure a tukunya daban. A gona saiwa takan bi ƙasa ta nemo laima da abinci da kanta. A tukunya kuwa ba ta da abin da ya wuce wanda kuka zuba mata.

Shi ya sa ake yawan jin koke iri biyu game da kirisantimam. Wani ya sayo tukunya cike da fure a watan Disamba, kafin mako biyu ta yi yaushi ta mutu. Wata kuma ta raini tata tun tana ƙarama, amma ko taƙi ɗaya ba ta kai ba ta fitar da 'yan furanni uku ta tsaya. Duka biyun suna da magani, kuma maganin yana farawa ne daga sanin cewa ruwa da takin da wannan shuka ke so suna canzawa daga mataki zuwa mataki na rayuwarta, sannan ƙasar Gadarif da ruwanta da zafinta suna da nasu sharuɗɗan da ba a rubuta su a jikin ledar takin da aka yi a Turai ba.

Wace irin shuka ce?

Asalinta ƙasar Sin ce, inda aka fi shekara 2,000 ana rainonta. Daga can ta shiga Japan, har ta zama tambarin gidan sarautar ƙasar. A 1789 wani ɗan kasuwa na birnin Marsai, Pierre Blancard, ya kai ta Faransa, daga nan ta bazu a Turai. A shagunan fure na ƙasashen Larabawa za ku ji ana ce mata arawla ko ukhuwan. Tana da launi iri-iri, fari da rawaya da ja da shunayya mai jan ido, wata furenta ƙanana ne birjik, wata kuma guda ɗaya ne babba a kan kowane reshe.

Halayenta uku ne ke tafiyar da komai. Saiwarta siriri ce kuma ba ta nisa, don haka ba ta jure ƙishi, ba ta kuma jure zama cikin ruwa. Tana da ci sosai a makonnin farko, sannan cin ya ragu. Kuma ba ta yin fure sai dare ya yi mata tsawo. Idan za ku saya, ku nemi wadda aka raina a nan cikin ƙasa ta saba da zafi, musamman masu ƙananan furanni rawaya ko fari. Masu ƙaton fure da ake shigowa da su daga wurare masu sanyi sun fi wahalar riƙewa.

Ƙasar tukunya ita ce farko

Baƙar lakar da ta yi wa Gadarif arziki ita ce ta fi kashe fure a tukunya. Irinta ce ake kira firki a bakin tafkin Chadi. Idan ta sha ruwa sai ta kumbura ta toshe, iska ba ta ratsa ta. Idan ta bushe sai ta tsattsage ta janye daga jikin tukunya. A gona wannan hali yana riƙe wa dawa laima har ta nuna. A tukunya kuwa saiwa takan shaƙe yau, gobe tsagewar ƙasa ta tsinka ta.

Haɗin da ya dace kashi uku ne daidai wa daida: yashi mai tsakuwa-tsakuwa irin na cikin kwari, ƙasa mai laushi ta bakin kogi ko ta gindin bishiya, da takin awaki ko na tumaki wanda ya ruɓe sarai har warinsa ya tafi. A ƙara ɗan dintsin gawayi da aka farfasa, domin ya buɗa wa iska hanya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba a wannan yanki, domin jikinta yana tsatsafo da ruwa ya sanyaya saiwa. Baƙar roba idan rana ta doke ta takan yi zafin da zai dafa saiwar da ke manne da jikinta. Ko wace iri ce, lallai ta kasance da huda a gindi, uku ko huɗu masu faɗin ɗan yatsa. Tukunya mai faɗin baki santimita 20 ta ishi shuka ɗaya zuwa uku. A ɗora ta a kan bulo biyu, a gabashin bango ko gefen rumfa, inda za ta samu hantsi na awa biyar zuwa shida, inuwa ta rufe ta daga azahar.

Yadda ake ban ruwa

Kada ku ɗaure kanku da cewa kullum sau ɗaya ko bayan kwana biyu. Ƙasar ce za ta gaya muku. Ku nutsa ɗan yatsa har gaɓar farko. Idan ya fito da sanyi da ɗanshi, ku bar ta. Idan ya fito a bushe, lokaci ya yi. Ku kuma saba da ɗaga tukunyar, domin wadda ta ƙoshi tana da nauyi, mai jin ƙishi kuwa sakayau take.

Idan za a ba da ruwa, a bayar har ya ratsa ya ɗigo ta gindi. Yayyafi a sama kawai yakan sa saiwa ta taru a saman ƙasa, inda rana ta fi ƙuna. A zuba da buta a gindin shukar a hankali, kada a jiƙa ganye ko fure, domin ganyen da ya kwana a jiƙe shi ke kama cutar ɗigo-ɗigo da farar hoda. Da sassafe ya fi. Ruwan da ya wuni a jarka cikin rana a bar shi ya huce tukuna.

Tukunya mai faɗin santimita 20 takan sha tsakanin rabin lita da lita ɗaya a kowane bayarwa. Ke nan mai tukwane goma zai ƙarar da jarkar lita 20 cikin kwana biyu zuwa huɗu a lokacin rani. Wannan lissafi yana da muhimmanci a garin da ƙarancin ruwa tsohon zance ne. Ana turo ruwa daga tashar Shuwak da ke bakin kogin Atbara, an kuma buɗe madatsar Atbara da Setit a 2017, amma gidaje da yawa daga amalanken jaki suke saye, kuma jama'ar da yaƙi ya koro daga Khartum da Wad Madani tun 2023 sun ƙara yawan masu buƙata. Gara tukwane biyar da za a iya shayarwa da ashirin da za su mutu a watan Maris. Ruwan alwala da aka tara a kwano, da ruwan wanke shinkafa ko kayan miya, duk suna yi. Ruwan sabulu da na wanki kuwa kada ya kusance ta. Rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa yana rage saurin bushewa ƙwarai.

Akwai abu biyu da ke ruɗa mutane. Na farko, kun zuba ruwa, nan take ya fito ta gindi, kun ɗauka ta ƙoshi. Ku duba gefen tukunyar: za ku ga ƙasar ta janye ta bar rata, ruwan ya bi ta nan ya wuce, tsakiyar kuwa a bushe take ƙamas. Sai a tsoma tukunyar cikin baho, ruwa ya kai kusan bakinta. Za ku ga kumfar iska tana ɓulɓulowa. Idan ta daina, kamar bayan minti 20 zuwa 30, a ɗaga a bar ta ta tsane.

Na biyu, shuka ta yi yaushi da rana alhali ƙasarta a jiƙe take. Idan ta miƙe da yamma, zafi ne kawai, inuwa take so. Idan ta kwana a haka, ku kifa tukunyar a tafin hannu ku zare ta ku dubi saiwar. Lafiyayya fara ce tas. Wadda ruwa ya yi wa yawa takan koma ruwan ƙasa, ta yi laushi, tana wari. Ƙarin ruwa a wannan hali shi ke ƙarasa ta. A yanke ruɓaɓɓen wurin, a sake mata sabuwar ƙasa, a ajiye a inuwa.

Da damina, musamman Yuli da Agusta lokacin da kwarin Abu Farga ke cika, matsalar yawan ruwa ce. A janye tukwane ƙarƙashin rumfa idan aka jera kwanaki ana ruwa, a kuma cire farantin da ke gindinsu. Ruwan da ya kwanta a faranti yana ruɓar da saiwa, kuma nan sauro ke hayayyafa, ciki har da mai kawo zazzaɓin dengi wanda ya addabi garin a 2023.

Idan ruwan yana da zartsi

Ruwan wasu rijiyoyi yana ɗauke da gishiri da kanwa. Shuka ta sha ruwan, rana ta ƙafar da saura, gishirin ya zauna a tukunya yana taruwa. Alamarsa farin busa-busa a bakin tukunya da saman ƙasa, da gefen ganye da ke ƙonewa kamar an bi shi da wuta. Sau ɗaya cikin mako uku ko huɗu a wanke ƙasar: a zuba ruwa mai kyau ninki biyu ko uku na wanda aka saba, ya ratsa ya fita da gishirin. Ruwan sama ya fi kowane, don haka duk mai rufin kwano ya tara ko ganga ɗaya ce, ya rufe ta.

Kirisantimam tana son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, ƙasar wannan yanki kuwa ta karkata ne wajen kanwa. A irin wannan ƙasa sinadarin ƙarfe yakan ƙulle, saiwa ta kasa ɗauka, sai sabbin ganyen sama su yi rawaya jijiyoyinsu na nan kore. Cokalin shayi ɗaya na ruwan khal a lita biyar na ruwan ban shuka yana rage kaifin kanwar. Saboda wannan dalili ne kuma ba a zuba mata toka, duk da amfanin da toka ke yi a wasu ƙasashe.

Taki: wane iri, yaushe, nawa

Lambobi uku da ke jikin buhun taki suna nuna naitirojin mai gina ganye da kara, da fosfaras mai taimakon saiwa, da fotasiyam mai ƙarfafa reshe da fure. A ciyar da shukar kamar yadda ake ciyar da jariri, kaɗan-kaɗan a kai a kai, ba tulin abinci lokaci guda ba.

Makon farko bayan dashe, ruwa zalla. Daga mako na biyu har zuwa ranar da ƙullin fure ya bayyana, nan ne take cin mafi yawan naitirojin ɗin da za ta ci a rayuwarta, kuma abin da ta rasa a wannan lokaci ba ya ramuwa daga baya. Idan kun samu takin da ake narkarwa mai lamba 20-20-20, giram ɗaya a lita ɗaya shi ne ma'auni, wato cokalin shayi ɗaya a lita biyar, sau ɗaya a mako. Idan kamfa ce mai lamba 15-15-15, rabin cokalin shayi a bi gefen tukunya da shi, nesa da kara, a rufe da ƙasa, duk bayan mako uku. Yuriya tana da ƙarfi fiye da yadda mutane ke zato, kashi 46 cikin ɗari naitirojin ne. Cokalin shayi ɗaya a shafe ya ishi bokitin lita goma, kuma ba ta wadatarwa ita kaɗai, domin babu sauran sinadaran biyu a cikinta.

Da zarar kun ga ƙullin fure kamar ƙwayar dawa a kan rassa, a daina yuriya, a rage sauran takin zuwa rabi. Idan akwai takin fotash a shagon kayan noma, rabin cokalin shayi a lita biyar duk mako yana sa reshe ya iya ɗaukar furensa. Ranar da ƙullin ya fara nuna launi, taki ya ƙare. Ci gaba da bayarwa yakan sa furen ya yi laushi ya yi saurin zubewa. Wannan shi ne amsar mai sayen tukunya cike da fure: ba ta buƙatar taki ko kaɗan, ruwa take so da haske da kariya daga zafin azahar.

Ƙa'ida ɗaya ba ta canzawa: ba a zuba taki a busasshiyar tukunya. A fara jiƙa ƙasar da ruwa zalla, bayan awa ɗaya a bi da na taki. Haka nan shukar da ta yi yaushi ko take fama da ruɓewar saiwa ba a yi mata taki sai ta farfaɗo.

Takin da ke ƙofar gida

Masu rainon wannan fure a Sin da Japan sun daɗe suna amfani da tunkuzar da ta rage bayan matse mai, su ruɓar da ita su ciyar da shukar. Gadarif kuwa ba ta rasa tunkuzar riɗi da ta gyaɗa, wadda ake sayarwa da sunan umbaz don kiwon dabbobi. A jiƙa gwangwani ɗaya a gwangwani goma na ruwa, a rufe bokitin ba ruf ba, a ajiye nesa da ɗaki domin warinsa ba kaɗan ba ne. Bayan mako uku zuwa huɗu, idan kumfar ta kwanta, a tace. Kofi ɗaya na wannan ruwa a kofi goma na ruwan sha, a bayar duk kwana goma a lokacin girma. Kada a binne ɗanyar tunkuza a tukunya, tana yin zafi idan ta fara ruɓa, tana kuma jawo tsutsa da tururuwa. Kashin kaji da na tattabara ma sai an bar su sun yi watanni sun huce.

Tsawon dare da lokacin fure

A 1920 wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, suka bayyana cewa tsawon yini da dare ne ke sa wasu tsirrai su yi fure. Kirisantimam tana cikin waɗanda ke ci gaba da ganye muddin yini ya haura kimanin awa 14, su juya ga fure idan ya gajarta. A Turai tsawon yinin bazara yakan ba ta damar girma kafin kaka. Gadarif kuwa tana kan digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, kusan layi ɗaya da Damagaram, kuma yininta mafi tsawo awa 13 ne ba 'yan mintuna. A wurin wannan shuka, kusan duk shekara lokacin fure ne. Dalilin da ya sa take ƙulla fure tana 'yar mitsitsiya ke nan, kuma duk takin duniya ba zai gyara wannan ba. Haka abin yake a Kano da Sakkwato da Maraɗi.

Manoman fure na Kenya da Kolambiya da Biyetnam fitila suke kunna wa gonakinsu da dare. A gida ma haka za a yi: ƙwan lantarki ko fitilar sola mai haske sosai, a rataye kamar mita ɗaya sama da tukwanen, daga ƙarfe goma na dare zuwa biyu, kullum ba fashi, na mako biyar zuwa shida bayan dashe. A cikin wannan lokaci, kamar kwana 10 zuwa 14 da dashe, a tsinke kan shukar da farce a bar ganye shida ko bakwai, domin ta yi rassa. Idan ta cika tukunya sai a kashe fitilar. Daga ranar kuma duhu take so na gaske. Fitilar tsakar gida ko ta bakin titi da ke haska ta cikin dare za ta iya hana ta fure, don haka a matsar da ita ko a kifa mata kwali daga magariba zuwa safe. Yawancin irin tukunya suna buɗewa mako takwas zuwa goma bayan an kashe fitila.

Zafi ma yana da ta cewa. Idan dare bai yi sanyi ba, ƙullin yakan yi jinkiri ko ya fito a karkace. A Gadarif ko da hunturu rana takan haura digiri 30, amma dare yana sauka ƙasa da 20, kuma wannan sanyin daren ne ke fitar da launi. Tsarin da ya dace ke nan: a yanki reshe a kafa a Yuli, a dasa a tukunya tsakiyar Agusta, a kashe fitila wajen ƙarshen Satumba, a sa ran fure daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu.

Abin da ganye ke faɗa

Ruwa ba ya tsami banza. Tsofaffin ganyen ƙasa sun yi rawaya gaba ɗaya, shukar ba ta girma: yunwar naitirojin ce. Ganye kore shar, manya, kara doguwa mai lanƙwasa, ba fure: taki ya yi yawa, ko haske yana damunta da dare. Ganye ya yi fari-fari da ɗigo ƙanana, da ɗan saƙar gizo a bayansa: wani ɗan jan ƙwaro ne mai son iskar hunturu, a wanke bayan ganyen da ruwa da safe. Darɓa da farin ƙuda sukan taru a sabon toho, musamman a shukar da ta sha yuriya fiye da kima. Ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa ya kwana, a fesa da yamma, yana rage su. Wasu mutane ganyen yana sa musu ƙaiƙayi, don haka a wanke hannu bayan taɓa shi, a kuma nisanta tukwanen daga awaki da kyanwa.

Bayan fure ya ƙare

Kada a zubar da tukunyar. A yanke karan a bar kamar santimita 10, nan da 'yan makonni sabbin 'ya'ya za su tsiro daga gindi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a mayar da ita cikakkiyar inuwa mai iska, a riƙa ba ta ruwan da zai hana ƙasar bushewa, ba taki sai ɗan ruwan tunkuza sau ɗaya a wata, a kuma tsinke duk ƙullin furen da ta fitar. Idan damina ta sauka, a yanki sabbin rassa masu tsawon santimita shida zuwa takwas, a cire ganyen ƙasa, a kafa su a jiƙaƙƙen yashi cikin inuwa, a haɗa uwar da 'ya'yan ƙarƙashin fitilar dare. Cikin mako biyu zuwa uku za su yi saiwa. A dasa su a sabuwar ƙasa, domin tsohuwar ta tara gishirin shekara guda. Uwa ɗaya da ta tsallake bazara takan ba da abin da zai cika tukwane da yawa, har a samu na rabawa maƙwabta.